Sunan Zati Da Sunan Ma'ana: Yadda Aiki Ke Rikiɗa Ya Zama Suna

Ya ku 'yan'uwa masu koyon aikin malanta, bari mu fara darasin nan da tambaya. A ce hedimasta ya ba mu baro, watau 'yar amalanken nan ta hannu mai ƙafa guda wadda magina ke jidar ƙasa da ita, ya ce mu shiga aji mu kwaso abin da ke ciki mu kawo masa. To, allo zai shiga baro, alli zai shiga, haka littattafai da kwalbar tawada, kai har yaro ma, in ya yarda, sai ya hau a tura shi. Amma in ya ce mu kwaso masa ladabi, da ƙoƙari, da rashin fahimta, ina za mu sa hannu? Ba mu da abin kamawa. Alhali kuwa da waɗannan kalmomi mu ke cika takardun sakamakon yara a ƙarshen kowane zango, da su kuma uba ke yanke wa ɗansa hukunci, ko ya sa masa albarka ko ya ɗauko bulala. Tun da haka ne, ya kamata mu san irinsu, da inda suka fito, da abin da su ke ɓoyewa.

Wannan gwaji na baro ba namu ba ne. Mun aro shi daga wasu mutum biyu na Amurka, waɗanda suka kafa wata hanya da a ke kira NLP. Za mu zo ga labarinsu. Amma bari mu share fage da nahawu tukuna, gama sai an san nahawun sa'an nan a ke iya rarrabe tsaba da tsakuwa cikin maganarsu.

1. Suna iri biyu ne

Masu nahawun Larabci sun kasa magana kashi uku: ismu, da fi'ili, da harafi. Duk wanda ya karanta Ajurumiyya, ɗan littafin nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas, wanda ya rasu cikin 1323, ya san wannan tun daga shafin fari. Ismu shi ne suna. Fi'ili kuwa shi ne kalmar aiki, wadda masu nahawun Hausa na yanzu ke kira aikatau. In aka shiga manyan littattafai kuma, sai a tarar an sake raba suna gida biyu.

Na fari shi ne sunan zati, watau sunan abin da ke tsaye da kansa, wanda ido ke gani, ko hannu ya taɓa: doki, rijiya, goro, ganga, yaro. Na biyu shi ne sunan ma'ana, watau sunan abin da ba ya tsayuwa da kansa, sai dai a jikin wani, hankali ne ke riskarsa: haƙuri, adalci, tsoro, ilimi, amana. Ba wanda ya taɓa yin karo da haƙuri a hanyar kasuwa. Abin da a ke gani shi ne mutum, an zage shi, ya yi shiru ya wuce. Hankalinmu ne ya tara irin wannan aiki sau da yawa, ya ƙulle shi cikin kalma guda, ya sa masa suna haƙuri.

To, ga inda wuyar ta ke. A cikin jimla, sunayen nan biyu kujera ɗaya su ke hawa. Mu kan ce, "Na rasa alƙalamina," mu kan kuma ce, "Na rasa ƙarfin zuciyata." Ƙirar maganar ɗaya ce. Saboda haka sai mutum ya ɗauka ƙarfin zuciya ma wani abu ne da ya faɗi daga aljihu, ya zauna yana jiran ranar da za a tsinto masa.

2. Yadda aiki ke zama suna

Mafi yawan sunayen ma'ana daga aiki suka fito, ko daga halin wani mutum. Hausa tana da hanyoyi da dama na yin wannan juyi. Akwai ƙara wa a ƙarshen fi'ili: kama ya zama kamawa, dawo ya zama dawowa. Akwai sake ƙirar kalma: karanta ya zama karatu, rubuta ya zama rubutu, tafi ya zama tafiya, haifa ya zama haihuwa. Akwai ɗaukar sunan mutum a fitar da halinsa: jahili da jahilci, shugaba da shugabanci, mugu da mugunta, yaro da yarinta, sarki da sarauta. Akwai kuma kalmar rashi, wadda ke mai da ƙin yin abu ya zama suna: rashin ladabi, rashin jituwa, rashin kulawa. Daga ƙarshe akwai ma da a ke sawa a gaba, wadda ke ɗaure aiki a wuyan mai shi: wanda ya yi ƙarya ya zama maƙaryaci, wanda ya yi lalaci ya zama malalaci.

Yanzu mu dubi abin da ke zubewa a hanya in an yi wannan juyi. Ga jimla cikakkiya: "Audu ya wuce Malam Sule jiya da safe a bakin ƙofa bai gaishe shi ba." A cikinta akwai wanda ya yi, da wanda aka yi wa, da lokaci, da wuri. In muka taƙaita muka ce "ƙin gaisuwa," Audu ya fita, Malam Sule ya fita, jiya ta fita, ƙofa ta fita. In muka ƙara taƙaitawa muka ce "rashin ladabi," har gaisuwar ma ta ɓace. Abin da ya faru sau ɗaya, cikin ƙiftawar ido, ya zama kamar wani dutse da ke zaune ba ya motsi.

Malaman Larabci sun lura da wannan tun da daɗewa. Sunan aiki su ke kira masdari, suka ce bambancinsa da fi'ili shi ne fi'ili yana nuna aiki tare da zamaninsa, masdari kuwa yana nuna aiki tsiraransa ba zamani. Har cikin ƙarni na 8 da na 9 na Miladiyya malaman Basra, mutanen Sibawaihi, da malaman Kufa, mutanen Kisa'i da Farra'u, suka saɓa bisa wane ne ya haifi wani. Na Basra suka ce masdari ne tushe, daga gare shi fi'ili ya ɓuɓɓugo. Na Kufa suka ce a'a, fi'ili ne tushe. Mu riƙe wannan gardama a zuci, za mu sake gamuwa da ita nan gaba cikin wata riga.

3. Mutum biyu na Kalifoniya

Cikin farkon shekarun 1970, a Jami'ar Kalifoniya da ke garin Santa Cruz, ƙasar Amurka, akwai wani malamin ilimin harsuna, John Grinder, da wani ɗalibi, Richard Bandler. Suka ɗaura niyyar gano abin da ya sa wasu masu warkar da damuwar zuciya ta hanyar zance suka fi 'yan'uwansu gwaninta. Suka zaɓi mutum uku su bi sawun maganarsu. Na fari Fritz Perls, haifaffen Jamus, wanda ya riga ya rasu tun 1970, saboda haka sai muryarsa da aka ɗauka da rubutaccen zancensa suka bi. Ta biyu Virginia Satir, wadda ta yi suna wajen sasanta iyali. Na uku Milton Erickson, likitan masu ciwon tunani a garin Phoenix, gwani wajen sa mutum cikin wani hali mai kama da barci alhali yana jin abin da a ke faɗa masa.

Hanyar da suka fitar ita ce NLP. Haruffan nan uku taƙaita sunan Ingilishi ne wanda ya haɗa abu uku: jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da harshe, da tsarawa irin ta kwamfuta. Nufinsu wai ana iya sake tsarin tunanin mutum ta hanyar sake maganarsa. Kada mu rikita ta da wani fanni na masu kwamfuta wanda shi ma a ke taƙaita shi da waɗannan haruffa, gama sunan ne kawai ya gamu.

Cikin 1975 suka fitar da littafinsu na fari, The Structure of Magic, watau Ƙirar Sihiri, juzu'i na biyu ya biyo baya cikin 1976. Sun aro tunani daga mutum biyu. Daga Alfred Korzybski, mutumin Folan da ya zauna Amurka, wanda babban littafinsa ya fito cikin 1933, suka ɗauki cewa kalma kamar taswira ce, ƙasar da ta zana kuwa daban ta ke. Daga Noam Chomsky, masanin harsuna, suka ɗauki abin da ya tsara cikin 1965, cewa jimla tana da ƙira ta ƙarƙashi da ƙira ta sarari. Suka ce tsakanin abin da ya sami mutum da abin da ke fita daga bakinsa akwai ɓarna iri uku: shafewa, da karkatarwa, da yin kuɗin goro. Mai da aiki suna suka sa shi cikin karkatarwa, domin yana ɗaukar abin da ke gudana ya nuna shi kamar abin da ya riga ya ƙare.

Dalilin da ya sa abin ya dame su ga shi. Mutumin da ya zo yana cewa, "Rashin jituwarmu ya yi tsanani," ya ajiye damuwarsa can waje da shi, kamar fari ko ambaliya, ba shi da hannu a ciki. Muddin yana ganinta haka, ba abin da zai iya yi. Amma in aka komo da maganar ga fi'ili, sai mutane su sake bayyana, shi ma ya ga kansa a cikinsu yana wani aiki wanda ya ke iya sakewa gobe.

4. Gwaji biyu da tambaya huɗu

Sun ba da gwaji biyu na gane irin wannan suna. Na fari shi ne na baro, wanda muka fara da shi: in abin bai shiga baro ba, a yi zaton aiki ne ya sa rigar suna. Na biyu, a jingina kalmar da wata mai nuna abu yana ci gaba, a ji ko ta zauna. Mu a Hausa sai mu gwada da "ana ta." Ana ta gardama, ana ta karatu, ana ta rashin jituwa, duk sun zauna. Ana ta kujera, ana ta goro, ba su zauna ba.

In an gane shi kuma, sai a kwance ƙullin da tambaya: Wa ke yi? Wa a ke yi wa? Ta yaya? Yaushe, a ina? Mu ɗauki misali daga aikinmu. A ce wani ɗalibin malanta ya komo daga gwajin koyarwa ransa a ɓace, ya sami malaminsa.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, aji uku ɗin nan babu tarbiyya ko kaɗan."

Malam ya ce, "Sannu, Malam Garba. Su wa ke yin me?"

Ya ce, "Surutu su ke yi."

"Dukansu arba'in?"

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "A'a, wasu uku ne a bencin baya."

"Tun safe har tashi?"

"A'a, lokacin lissafi ne, in na juya ina rubutu a allo."

"To, me su ke cewa?"

Ya sake yin shiru. Can ya ce, "Kamar tambayar juna su ke yi abin da na rubuta."

Malam ya ce, "Gobe ka je bencin nan ka zauna, ka dubi allo, ka ga ko ana ganin rubutunka daga can."

Mu lura da abin da ya faru. Rashin tarbiyya ba shi da magani a hannun malamin aji, sai dai tsaki, da bulala, da zagin iyaye a zuci. Amma yara uku da ba su ganin allo suna da magani, a matso da su gaba, ko a ƙara girman rubutu. Ba a ƙara wani sabon labari ba. Labarin da ke ƙulle cikin suna ne aka kwance.

Hausawa ma sun san wannan hikima tun kafin a haifi mutanen Kalifoniya. Da suka ce zumunta a ƙafa ta ke, me suka yi in ba komar da sunan ma'ana ga aiki ba? Watau kada ka gaya mana kana da zumunci kamar wanda ya ajiye shi a akwati. Gaya mana yaushe rabonka da taka ƙofar ɗan'uwanka.

5. Wuƙa mai baki biyu

Da Bandler da Grinder suka zauna da Erickson, sai suka tarar shi akasin wannan ya ke yi, da gangan kuwa. Maimakon ya kwance sunayen ma'ana, tara su ya ke yi. Ya kan yi wa mara lafiya zancen natsuwa, da fahimta, da sauƙi, da koyo, ba tare da ya faɗi natsuwa da me ko fahimtar me ba. Tun da kalmomin ba su da komi takamaimai a ciki, mai sauraro ba ya samun abin musu, sai ya cika su da abin da ke cikin ransa, ya ji kamar likita ya san sirrinsa. Wannan ma sun rubuta littafi a kansa, juzu'insa na fari ya fito cikin 1975.

A hannun likita mai amana wannan dabara tana iya kwantar da hankali. Amma ita ce kuma jarin mai talla da mai neman ƙuri'a. Mutum ya hau dandamali ya yi alkawarin ci gaba, da sauyi, da haɗin kai, da adalci. Manomi ya ji taki, ɗan kasuwa ya ji hanya, malami ya ji albashi, kowa ya tafa, alhali mai maganar bai ambaci ko ɗaya ba. In shekara ta kewayo ba mai iya kama shi da ƙarya, gama bai faɗi abin da za a iya aunawa ba.

Haka kuma ita ce mafakar mai laifi. "An sami kuskure wajen rabon kuɗi." Wa ya raba, wa ya kuskure? "An yi asarar rayuka." Wa ya mutu, me ya kashe shi? Duk inda muka ga takarda ta cika da sunayen ma'ana, mutane sun ɓace daga cikinta, mu tsaya mu tambaya ko an yi haka ne don taƙaitawa ko don ɓoyewa.

6. Abin da bincike ya nuna

Yanzu wajibi ne mu faɗi gaskiya game da NLP, kada wani ya karanta darasin nan ya je ya zuba kuɗinsa inda ba zai ga amfani ba. Masu wannan hanya ba su tsaya ga nahawu ba. Sun yi da'awa manya, misali cewa kowane mutum yana da gaɓar da ya fi tunani da ita, ko gani, ko ji, ko taɓawa, kuma wai ana gane ta daga kalmominsa da juyawar idonsa. Masana suka gwada. Christopher Sharpley ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, cikin 1984 da kuma 1987, ya tarar ba su goyi bayan da'awar ba. Cikin 1988 wani kwamiti na Majalisar Bincike ta Ƙasar Amurka, wanda rundunar sojan ƙasar ta nemi ya auna hanyoyin ƙara ƙwazon ɗan Adam, ya ce bai sami hujjar kimiyya mai tabbatar da NLP ba. Cikin 2012 wasu masu bincike a Ingila suka duba gwaje-gwaje 10 da aka yi kan amfaninta ga lafiya, suka ce shaidar ba ta kai a dogara da ita ba. Cikin wannan shekara kuma Richard Wiseman da abokan aikinsa suka gwada zancen gane maƙaryaci daga juyawar ido, ba su sami komi ba. Saboda haka yawancin masana halayyar ɗan Adam ba su lissafa NLP cikin kimiyya.

Ko ta wajen nahawu ma akwai gyara. Bandler da Grinder sun ɗauka kowane irin wannan suna jimla ce da aka murɗe, asalinta fi'ili. Amma Chomsky da kansa, cikin wata maƙala ta 1970, shekara biyar kafin littafinsu, ya kawo hujja cewa da yawa daga waɗannan sunaye ba daga jimla a ke juyo su ba, zaune su ke da kansu cikin taskar kalmomin harshe. Ashe gardamar Basra da Kufa ce ta sake dawowa. Daga baya ma, cikin shekarun 1990, ya bar zancen ƙirar ƙarƙashi da ta sarari ɗungum.

To, mu zubar da duka ke nan? A'a. Wannan ɗan yanki da mu ke magana a kai yana da masu goyon baya daga wajen NLP. Allan Paivio na Kanada ya nuna, cikin littafinsa na 1971 da gwaje-gwaje masu yawa, cewa mutane sun fi tuna sunan zati bisa sunan ma'ana, domin na fari yana zuwa da hoto a zuci. Edward Watkins na Jami'ar Exeter a Ingila ya yi bincike kan masu baƙin ciki da ke ta saƙa da warwara, ya ga tunaninsu ya fi karkata ga dunƙulallun kalmomi. Cikin 2009 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa koya musu tunani filla-filla, me ya faru, a ina, ta yaya, ya rage musu damuwa.

Wanda ya fi shafarmu mu malamai shi ne gwajin Susan Gelman da Gail Heyman na 1999. Sun ba yara 'yan shekara 5 da 7 labarin wata yarinya mai yawan cin karas. Wasu aka gaya musu da fi'ili, cewa tana cin karas duk sa'ad da ta samu. Wasu kuma aka gaya musu da suna, cewa ita maciyar karas ce. Waɗanda suka ji suna sun fi ɗauka cewa halin ya zauna mata, da shi za ta girma, ko an hana ta ba za ta bari ba. Mu auna wannan da abin da mu ke yi in muka kira yaro maƙaryaci a gaban aji, maimakon mu ce yau ya faɗi abin da ba haka ba ne.

7. Iyakar gwajin baro

Gwajin baro abin tuni ne kawai, ba doka ba. Dutsen Dala ba zai shiga baro ba, haka Kogin Kwara, amma dukansu sunayen zati ne. Lokaci, da launi, da dalili sunayen ma'ana ne, amma ba daga wani fi'ilin Hausa aka ciro su ba, ba kuwa abin da za a kwance a cikinsu. Akwai kalmomi masu fuska biyu: in muka ce gini ya ɗauki wata uku, aiki mu ke nufi, in muka ce gini ya rushe, abu mu ke nufi. Haka ɗinki, da rubutu, da shuka. Akwai kuma wasu a tsakani, irin su zafi, sanyi, nauyi, zaƙi, ɗaci, waɗanda F. W. Parsons ya yi nazarinsu cikin 1955: jiki yana jin su, amma ba su tsayuwa sai a jikin wani abu.

Kada kuma mu ɗauka sunan ma'ana abin gudu ne. In babu shi babu ilimi. Ba a koyar da lissafi sai da tarawa, da ɗebewa, da rabawa. Ba a shari'a sai da adalci, da amana, da hakki. Sunan ma'ana kamar mangala ne, da shi a ke ɗaukar kaya mai yawa a tafi nesa. Laifin shi ne mutum ya yi ta yawo da mangala bai taɓa buɗewa ya ga ko akwai kaya a ciki ba.

Har wa yau, tambaya tana da ladabinta. Ba a tare dattijo a ce masa, "Wa? Yaushe? Ta yaya?" kamar alƙali. In aka je ta'aziyya aka ce a yi haƙuri, ba wurin kwance kalma ba ne. Wanda ya mai da tambayoyin nan sandar dukan abokan zamansa zai wayi gari ba mai zama da shi. Wurin da ya fi cancanta mu fara yin su shi ne bakinmu da alƙalaminmu.

8. Abin da ya rage gare mu

Saboda haka ga shawara uku. Ta fari, in za mu koyar da sunan ma'ana, mu fara da aiki: kada mu ce wa yara su rubuta ma'anar amana, mu ba su labarin wanda aka ba ajiya ya komo da ita cif, sa'an nan mu sa wa abin suna. Ta biyu, in za mu rubuta sakamakon yaro, kowane sunan ma'ana mu bi shi da aikin da ya haife shi. "Rashin ƙoƙari" ba ya gaya wa uba abin da zai yi. "Bai kawo aikin gida ba sau biyar cikin zangon nan, amma karatunsa a aji yana da kyau" yana gaya masa inda zai sa ido. Ta uku, in za mu tsauta, mu kama aikin, mu saki sunan. Aikin jiya ana iya barinsa yau. Suna kuwa in ya manne wa yaro, har ya yi gemu abokansa na kiransa da shi.

Ga aikin gwaji. A komar da kowace jimla ga fi'ili, a fito da wanda ya yi, da wanda aka yi wa, da lokaci, sa'an nan a faɗi abin da za a iya yi gobe:

1. Akwai ƙarancin haɗin kai tsakanin malamai da iyaye.
2. Tsoron lissafi ya hana Binta cin jarrabawa.
3. An sami jinkiri wajen rabon littattafai.
4. Yaron nan malalaci ne.

Bayan wannan, kowa ya ɗauko takardar sakamako guda wadda ya taɓa rubutawa da hannunsa, ya ja layi ƙarƙashin kowace kalma da ba ta shiga baro, ya tambayi kansa ko yana iya faɗin ranar da ya ga abin da idonsa. Inda ya iya, kalmar ta tsaya. Inda ya kasa, ya soke ta, gama yaron da aka rubuta a kansa ba ya nan balle ya kare kansa.

Iyakar darasinmu ke nan. Sai mun ga amsoshinku.